Yajin Alhaji Salih Ba Ya Zaman Haya

A unguwarmu ta Hajj Yusuf, a gefen Khartoum, ba a shan wahala kafin a zama injiniya. In ka taɓa ɗaura wa maƙwabci ƙwan lantarki wuta ba ta ja ka ba, daga ranar sunanka Muhandis. Da Habibu ya ga muhandisai sun yi yawa a layinmu, sai ya ƙara wa kansa girma, ya sa aka rubuta allo a saman rumfarsa ta gyaran waya: Bashmuhandis Habibu, wato shugaban injiniyoyi. Babu wanda ya tambaye shi takarda. Mu ɗin nan da muke masa dariya a bayan ido, mu ne kan gaba wajen kiran sa da sunan in gilashin wayarmu ya fashe. Wannan duk kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwarmu ita ce ɗaukewar wuta da layin burodi.

Mutum ɗaya ne bakinsa bai taɓa furta wannan suna ba, shi ne surukinsa, Alhaji Salih mai agashe. Agashe dai shi ne tsiren da kakanninmu suka taho da shi a hanyar Makka, suka yada zango da shi a nan, har mutanen gari suka koyi ci suka fi mu so. Tukubar Alhaji tana Umdurman, can tsallaken kogi, kuma sunan da ya yi duk a kan yaji ne: ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kanumfari, da wani abu guda da ko matarsa bai faɗa wa ba. Ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi labari, 'ya'yansa kuma duk mata. Tun ranar da ya aura wa Habibu 'yarsa Shamsiyya ya rataye wani sabon mafici na kaba a jikin rumfa, yana jiran ranar da surukin zai bar wasa da wayoyi ya zo ya tsaya gaban garwashi. Habibu kuwa gara a ce masa gobe zai mutu da a gan shi yana fifita wuta. In ya je gaisuwa, kujerar da ta ba maficin baya yake zaɓa.

Wata Juma'a suna cin abinci a gidan Alhaji, tsohon ya kawo zance.

"Ƙanena Almahdi ya bugo daga Jidda. Ya ce mutanenmu na can sun dame shi a kantinsa da tambayar yajina. Wai in buɗe shafi a intanet kafin Babbar Sallah, su ga yajin, su ga lambata. An ce akwai wani ofis a Khartoum da ke yin abin."

Habibu ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Baba, da Bashmuhandis a gida za ka je wurin baƙi?"

"Wane ne shi?" in ji Alhaji, har da waiwayawa yana neman mutumin.

"Ni mana, Baba. Ai wannan aikin shan shayi ne."

Alhaji ya dube shi. "Tamam, shi ke nan. In shafin ya buɗe a Jidda ranar jajibiri, zan kira ka da sunan nan naka a gaban jama'a, in sauke maficin in kyautar. In bai buɗe ba, ka san inda yake rataye."

"Na yarda," in ji Habibu, tun kafin ƙwaƙwalwarsa ta ji abin da bakinsa ya faɗa.

A cikin hafila, ƙaramar bas ɗin da ke mayar da su gida, Shamsiyya ta matso kusa da kunnensa, ta kira shi da sunan 'yarsu Hanadi. "Abu Hanadi, ka taɓa yin irin wannan aikin?"

"Na sha kallon yadda ake yi."

"Ni ma na sha kallon likita yana allura. Kawo hannunka."

Washegari ya saka kwat a cikin zafin da ke narka kwalta, ya nufi ofishin nan na Khartoum, wai don ya ga iyakar saninsu. Wata budurwa mai suna Rim ce ta karɓe shi. Ya miƙa mata katinsa da hannu biyu, ta karanta, ta danne murmushi.

"Marhaba, ya Bashmuhandis. Me shafin zai ɗauka?"

"Yaji."

"Ina nufin me za a saka a ciki, kuma mutum kamar nawa za su riƙa shiga?"

"Duk mutanen Saudiyya. Daga baya sauran ƙasashe."

"Me za su gani?"

Ya ƙirga da yatsu. "Hoton Alhaji. Hoton yaji. Lambar waya."

"To, ɗaki ɗaya ya ishe ku har ya yi yawa," in ji Rim. Ta yi masa bayani a hankali: kowane shafi sai an ajiye shi a cikin wata na'ura da ake kira saba, wadda ba ta barci, don duk lokacin da wani ya ƙwanƙwasa ta buɗe masa. Tasu tana wani ɗaki mai sanyi, da janareta a bayanta. "Ka ɗauke ta kamar gidan haya. Kowa da ɗakinsa, mu ne masu shara, mu ne masu gadi."

"Su wa ke cikin sauran ɗakunan?"

Ta leƙa kwamfutarta. "Wani mai takalma, da makarantar koyon tuƙi, da wani mai maganin basir."

Habibu ya miƙe tsaye. "Yajin Alhaji Salih bango ɗaya da mai maganin basir? Ai sai mutane su ce haɗin baki ne. Ba ku da gida sukutum?"

Suna da shi. Ta juyo masa fuskar kwamfutar ya ga farashin, nan take ya tuna bai yi azahar ba, alhali ko hantsi bai gama dubar ludayi ba. Ya tambayi kamfanonin ƙasashen waje, ta tuna masa cewa katin bankinmu ba ya wucewa a wurinsu. Har ya kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Malesh, ka yi haƙuri, shawara ɗaya. Kada dai ka ce za ka ajiye saba a gida. Ga zafi, ga kahraba, wutar nan tamu, kullum a ɗauke, ga layin intanet ɗin gida ba ƙarfi."

Da ba ta faɗa ba, da dabarar ba ta zo masa ba. Tun yana kan matakala ya kira Alhaji.

"Baba, na je na gan su. So suke su sa ka a gidan haya."

"Ni?" Muryar tsohon ta canja. "Ubana da ƙafa ya iso ƙasar nan, ba shi da ko tabarma, amma bukka ya kafa, bai kwana a ɗakin wani ba."

"Shi na faɗa musu. Gida zan gina maka na kanka, ba maƙwabci, ba mai haya."

Wannan ce rana ta farko da Alhaji Salih ya yarda da wata magana da ta fito daga bakin surukinsa. Ya buɗe aljihu ba tare da ciniki ba.

A unguwar Alshajara, cikin masu tsofaffin ƙarafa, Habibu ya sami wani dillali mai suna Hamuda, wanda ya ja shi bayan rumfa ya yaye wani buhu. Ga ta nan kwance, doguwa, baƙa, mai nauyin da sai ƙarti sun taru, an ce daga wani kamfani da ya rufe aka kwaso ta.

"Tana aiki?"

"Da aka kawo ta tana aiki."

"Yaushe aka kawo ta?"

"Ya zol, mutumina, Allah ne masanin lokaci. Dubi fankokin da ke cikinta. Wadda ba ta da ƙarfi za a sa wa fanka haka?"

Habibu ya leƙa ya ga fankoki jere kamar haƙoran manjagara, zuciyarsa ta yi fari. Aka loda ta a a-kori-kura, ya hau baya ya rungume ta har Hajj Yusuf, yana ɗaga wa duk wanda ya sani hannu.

A ɗakin kwana ya fara girke ta. Ya yi bismilla ya danna. Da farko shiru, sai kuma fankokin suka tashi gaba ɗaya da wata ƙara da ta kori tattabarun layin daga kan rufi. Gogo Lami, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta faɗo gidan da takalmi ɗaya tana salati.

"Ina ya faɗi? Na ji jirgi."

"Saba ce, Gogo. Ilimi ne."

"To, Allah ya sauke shi lafiya."

Daga ranar sunan na'urar Jirgi. Shamsiyya ta jure mata har bayan la'asar, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Ɗakin ya zama gidan burodi, ba na jin kukan Hanadi, ba na jin kiran salla. Ko ni ko ita." Kafin ya zaɓa, Jirgi ta raba gardama, zafi ya buge ta ta mutu da kanta.

To ina ne ya fi ko'ina sanyi a gidan mutumin Hajj Yusuf? Ƙarƙashin rakuba, rumfar zana da ke tsakar gida, inda ake girke zir, randar nan da ke tsatsafar ruwa dare da rana. Nan Habibu ya ja Jirgi, ya ɗora ta a kan bulo kusa da randunan, ya rataya jiƙaƙƙun buhuna kewaye da ita, ya jawo wayar intanet daga bango ya ƙulla. Ya ce Turawa da injin sanyi suke fama saboda ba su san zir ba. Abin haushin kuma, dabarar ta ɗan yi aiki, wanda hakan ya ƙara lalata shi.

Ya haɗa shafin da taimakon bidiyoyin da yake kallo yana tsayarwa. A sama ya sa hoton Alhaji cikin farar jallabiyya da rawani mai hawa-hawa, hoto mai nauyi don kada a rasa ko gashin gemu ɗaya. Ya kira Almahdi a Jidda ya ce ya gwada.

"Yana juyawa," in ji Almahdi. "Yana juyawa. Yauwa, wani abu fari yana saukowa daga sama. Rawani ne. Wallahi rawanin Yaya ne, na san naɗinsa."

"Ci gaba da kallo, Baba ƙarami, fuskar na tafe."

Sai aka ɗauke wuta.

Habibu bai karaya ba. Ya koma wurin Hamuda ya ɗauko baturan babbar mota da injin da ke juya wutarsu ta zama ta gida. Da ya haɗa ya ga Jirgi na ruri alhali duk layin shiru, sai daɗi ya kwashe shi. Bayan magariba ya tsaya a ƙofar masallaci yana neman takalminsa da ƙarfi don a taru.

"Ko Khartoum gaba ɗaya ta yi duhu," ya ce, "gidana ba ya ɗauke wuta. Kahraba ta zo, kada ta zo, ni babu ruwana."

Baki shi ke yanka wuya. A unguwarmu abu uku ba a hana maƙwabci: ruwa, gishiri, da wuta. Kakanninmu garwashi suke nufi, amma ba su bar wasiyya cewa ban da ta lantarki ba. Da gari ya waye aka ɗauke kahraba, sallama ta fara. Kowa da wayarsa da waya ta caji, kowa kuma da Bashmuhandis a bakinsa, sunan da Habibu ba ya iya ce wa a'a. Kafin azahar tabarmar rakuba ta cika da wayoyi. Hisham wanzami ya kawo injin askinsa da kujera da mutanen da ke jiran layi. Wata mai jego ta aiko da fanka. Wani ya tambaya ko firji zai shiga ta ƙofar.

Gogo Lami ce ta gano babban sirrin. Ta zo karɓar wayarta, ta bi ta bayan Jirgi, iska mai zafi ta ɗaga mata mayafi. Ta tsaya, ta sa hannu, ta gyaɗa kai. Ba a jima ba ta dawo da faifan yankakkiyar kuɓewa. Kashegari ta ɗaura igiya ta shanya sharmut, naman nan da ake yanyanawa a busar. Labari ya zaga, matan layi suka fara rabon lokaci a tsakaninsu, ba tare da sun tuntuɓi mai gidan ba.

"Ya waladi, ɗana," in ji Gogo Lami, "ɗan ƙara mata wuta, kuɓewar ba ta gama bushewa ba."

"Gogo, wannan fa gidan yajin Alhaji Salih ne, ana kallon sa daga Jidda."

"To su kalla mana. Na tsare musu ne?"

A haka ya sake kiran Almahdi. Wannan karon an samu ci gaba.

"Rawani ya sauko. Ga goshi. Ga gira, kamar ransa a ɓace." Sai muryar ta tsaya. "Ya tsaya a gira."

Baturan ne suka ƙare. Hisham ya leƙo da kan mutum rabi a aske a hannunsa yana tambaya ko za a daɗe.

Da yamma Shamsiyya ta kawo masa shayi a rakuba, ta zauna a kan bulo. "Abu Hanadi, je ka kama ɗakin nan na haya. Baba ba zai sani ba. Shi dai shafi ya buɗe."

"In koma wurin yarinyar nan in ce me?"

"Ka ce mata ka yi azahar ɗin, ka dawo."

Bai yi dariya ba. Gaskiya tsoro ya kama shi, irin wanda ke sa mutum ya ji ƙamshin garwashi a duk iskar da ta wuce. Ya hango kansa da ɗan tawul a kafaɗa, abokan cinikinsa na waya suna cewa a ƙara musu albasa. Amma kunyar komawa ta fi tsoron nauyi, don haka ya zaɓi wata hanya. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya sa Shamsiyya ta kulle ƙofar gida ta waje da kwaɗo, ta shigo ta katangar baya, aka baza cewa sun tafi garin Madani gaisuwar rasuwa. Wanda duk ya wuce yana jin Jirgi na ruri a ciki, amma kwaɗo kwaɗo ne, ba a gardama da shi.

Ranar, da batir cike da wuta ba mai tatsa, shafin ya buɗe. Rawani, goshi, gira, hanci, gemu, har tsinin takalmi, ga tulin yaji, ga lambar waya. Almahdi ya yi kabbara daga Jidda. Habibu ya zaga randuna yana rawa ba kiɗa, har Gogo Lami ta leƙo ta katanga ta yi musu barka da dawowa daga Madani, ta miƙo faifai.

Da a nan ya tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai ya kira Alhaji don ya yi albishir.

"Madalla," in ji tsohon. "Ranar jajibiri na gayyaci liman da manyan kasuwa. Ka kawo gidan su gani."

"Baba, ba a ɗaga ta."

"Ka ce gidana ne. Wane irin gida ne mai shi ba zai nuna wa baƙi ba?"

Habibu ya sani sarai cewa wayar intanet a bangon Hajj Yusuf take kafe, kuma duk mai neman shafin daga ko'ina, bangon nan ake nuna masa. Ya buɗe baki zai faɗa, sai Alhaji ya ƙara da cewa, "Na gaya musu surukina ne ya gina, Bash... abin nan dai."

Rabin sunan ne kawai, amma ya ishe shi ya rasa hankali. Ya ce a ransa zai ƙulla ta da intanet ɗin wayarsa, ai intanet duk intanet ne. Ya ce, "Da hantsi muna nan, Baba."

Ranar jajibiri aka sake loda Jirgi a a-kori-kura. Gogo Lami ta bi motar tana cewa a jira ta sauke sharmut ɗinta. Suka ratsa gadoji a cikin cunkoson raguna da masu raguna, Habibu a baya cikin kwat, ɗan rago na wata mota yana tauna masa gefen aljihu.

A Umdurman Alhaji ya yi shiri na gaske. An share gaban tukuba, an yayyafa ruwa, an jera kujeru. Liman na gaba cikin jallabiyya fara sol, manyan kasuwa a gefensa, mai shayin bakin titi tana zagayawa da jabana, butar gahawa. An zuba sabon gawayi a tukuba, ya ɗan kama, yana jiran mai fifita. Maficin yana nan a inda yake.

Matsala ta farko, wayar wutar ba ta kai soket ba. Aka ja, aka juya, aka ga ba za ta kai ba sai in an ba jama'a bayan na'urar. Habibu ya ce dama haka ake yi, duk hikimar a baya take, gaba ado ne kawai. Alhaji ya sa aka kawo babban tire, aka tula yaji a kai har ya yi tsini, aka ajiye shi daidai bayan Jirgi don baƙi su ga gida da mai gida a tare. Aka kira Almahdi ta bidiyo, aka jingina wayar da kofin shayi tana kallon jama'a.

Habibu ya gyara kwat ya yi jawabi. Ya ce a Khartoum an so a cusa yajin Alhaji a ɗakin haya, ya ƙi. Ya ce wannan na'ura ita ce irinta ta farko a yammacin kogi. Ya ce da zarar ya danna nan, mutumin Jidda zai ji kamar ƙamshin na shigar masa hanci. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Shamsiyya da ke tsaye can cikin mata ta dubi tiren, ta dubi bayan Jirgi, ta tuna mayafin Gogo Lami. Ta ɗaga hannu za ta yi magana, amma ya riga ya danna.

Shiru na numfashi ɗaya. Sai fankokin suka tashi.

Tsinin yajin ne ya fara tafiya, sauran ya bi. Jan gajimare ya taso ya rufe sahun gaba, ya wuce na biyu, ya tsallaka titi. Liman ya shiga atishawa yana alhamdulillahi, tun ana amsa masa har masu amsawar suka shiga tasu. Jallabiyyarsa ta koma kalar bulo. Wani babban ɗan kasuwa ya warware rawaninsa ya naɗe fuska, ya tashi zai gudu ya rungumi mai shayi da tirenta. Ragunan da ke ɗaure a gefen titi suka kama tari irin na tsofaffi. Direban wata raksha, keke mai ƙafa uku, da ya ratso ta cikin gajimaren ya tsaya, ya sauka, ya zauna a ƙasa yana tambayar wane laifi unguwar ta yi.

Habibu yana laluben makunni ido rufe, hanci na zuba. Daga cikin wayar da ke jingine da kofi, dariyar Almahdi ke fita har da shaƙewa.

"Ƙamshin kam na kusa ji," ya ce da ya samu numfashi. "Amma shafin bai buɗe ba, Yaya. Yau ko rawanin babu."

Kowa ya ji. Masu atishawa ma sun ɗan tsagaita don su ji.

Mutum ɗaya ne ko ƙifta ido bai yi ba. Alhaji Salih ya shaƙi yajin nan tun yana yaro, hancinsa ya daɗe da yin ritaya. Yana tsaye hannu a baya, ba jama'a yake kallo ba, ba surukinsa yake kallo ba. Daidai lokacin da yatsan Habibu ya sami makunnin, tsohon ya ce, "Kada ka kashe."

"Na'am, Baba?"

"Dubi tukuba."

Habibu ya buɗe ido ɗaya da ƙyar. Gefen iskar ya bugi gawayin, wanda a kan yi ta fifita har kafaɗa ta gaji kafin ya kama, ga shi nan ya yi jajir daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ku juyo da ita nan kaɗan," in ji Alhaji. Aka juyo. Garwashin ya ƙara haske. Tsohon ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga rago mai kyau. Ya taka a hankali ya sauke maficin daga jikin rumfa, ya kaɗe ƙurar shekaru, ya dube shi, sai ya miƙa wa mai shayi.

"Riƙe, ya hajja, ki huce haushin kofunanki." Ya juyo ga surukinsa. "Alkawari alkawari ne, shafi bai buɗe ba. Amma tunda ka zo da naka maficin, ba sai na ba ka nawa ba." Ya ciro tawul daga kafaɗarsa ya ɗora a kan kafaɗar kwat ɗin. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan titi ma za su ji. "Bashmuhandis, jera naman, baƙi sun sha wahala."

Sunan ya fito cikakke, ba a ci ko harafi ɗaya ba, a gaban liman da manyan kasuwa da Jidda. Shekara da shekaru Habibu yana jiran ya ji shi daga wannan bakin. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu masa, hawaye suka zubo masa sosai. Allah ya rufa masa asiri, don a ranar babu wanda ba ya hawaye a wurin. Ya ɗauki tsinken nama ya fara jerawa.

Bayan Sallah Shamsiyya ta sa mayafinta ta je wurin Rim ta kama ɗakin. Shafin yana buɗewa tun daga rawani har takalmi kafin ka ajiye kofi, kuma Almahdi ya fara aiko da saƙon masu so. Duk unguwa mun sani, babu wanda ya gaya wa Alhaji. Allon nan kuwa an ciro shi daga rumfar waya an kafa a saman tukuba, mutane suna tahowa daga Bahri, tsallaken kogi, don su ci agashen da jirgi ke hura wa wuta.

Na je ranar wata Alhamis na tarar da Habibu yana juya tsinke, yana gaya wa wasu baƙi cewa tun farko abin da ya nufa ke nan, sai dai mutanen ƙasar nan ba su da haƙurin jiran ƙarshen aiki. Na matsa kusa na ce, "Bashmuhandis, yajin Alhaji fa, an ce yanzu bango ɗaya yake da mai maganin basir."

Ya saci kallon surukinsa da ke gyangyaɗi a kujera, ya rage murya.

"Ya zol, rufa mana asiri. An ce shi ma cinikinsa ya ƙaru." Ya share gumi da tawul. "Da albasa ko babu?"